Juya Ganye Kafin Ka Sayi Magani: Darasi Kan Ƙananan Ƙwarin Garka Da Na Tukwane

Mu ɗaliban aji biyar ne aka ɗora wa rubuta darasin aikin gona na ɗan littafin bana. Mun zaɓi magana kan ƙwarin nan ƙanana da ido bai cika kula da su ba, waɗanda ke lalata tumati da tattasai da shu a garka, su kuma bi iyayenmu mata har tsakar gida inda suke shuka na'ana'a da barkono da furanni cikin tukwane da tsofaffin bokitai. Abin da muka rubuta mun koye shi ne daga malaminmu na kimiyya, daga masu garake na bakin Gulbin Maradi, da kuma fangalan da muke ban ruwa a bayan makaranta tun shigowar ɗari.

Abin da aka saba gani shi ne, da ganye ya fara nannaɗewa ko ya yi rawaya, sai mutum ya nufi kasuwa ya ce a ba shi "maganin ƙwari". Mai tebur ba zai tambaye shi wane ƙwaro ba, shi ma mai saye bai sani ba. A fesa, a jira, a sake fesawa, kuɗi su tafi, shuka ta ci gaba da lalacewa. To ai ƙwarin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma akwai wanda fesa masa maganin da ba nasa ba ƙara masa yawa yake yi. Kusan dukkansu a bayan ganye suke zaune, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa, inda rana ba ta dukansu. Wanda ya tsaya a tsaye yana kallon shuka daga sama ɓarnar kawai zai gani, ba zai ga mai ɓarnar ba.

Kayan binciken ba su da tsada. Farar takarda guda daga littafin rubutu, a riƙe ta ƙarƙashin reshe, a ɗan buga reshen da yatsa. Abin da ya zubo a zuba masa ido: in ƙura ce za ta tsaya inda ta faɗi, in mai rai ne zai fara tafiya. Wanda ke da waya mai kamara ya ɗauki hoton bayan ganyen ya buɗa shi da yatsu biyu, zai sha mamakin abin da ke ciki. Lokacin dubawa da sassafe ne, bayan an fito daga asuba gari ya waye, domin a lokacin masu fiffike ba su da kuzarin tashi.

Darɓa

Manoman dawa da wake sun san darɓa tun kaka da kakanni, da ƙwaron da kuma danƙon da yake bari a ganye. Jikinta taushi gare shi, girmanta milimita 1 zuwa 3, wato ba ta kai ƙwayar gero ba. Wadda ke kama wake da gyaɗa baƙa ce, ta shu kuma toka-toka ce kamar an barbaɗa mata gari, ta kuɓewa da kankana da tattasai kore ce ko rawaya-rawaya. Tana taruwa cunkus a kan toho da sabon ganye, ta soka ɗan siririn bakinta ta yi ta zuƙar ruwan shuka. Shi ya sa ganyen ke ƙanƙancewa ya nannaɗe.

Abin da ya fi ba mu mamaki a darasin nan shi ne yadda take hayayyafa. A ƙasa mai zafi irin tamu macen ba ta bukatar namiji, kuma ba ƙwai take sakawa ba, ƴaƴa take haifa da ransu, dukkansu mata. Cikin kamar mako guda ƴar ta girma ita ma ta fara haihuwa. Malam ya sa mu yi lissafi a allo: a ce guda ɗaya ta haifi 50, kowace cikinsu ta haifi 50, an sami 2,500 ke nan, zagaye na uku kuwa 125,000. Lissafin allo ne, a garka da yawa suna mutuwa kafin nan, amma ya isa ya nuna mana dalilin da ya sa wanda ya yi mako biyu bai duba shukarsa ba yake tarar da abin ya fi ƙarfinsa. In wuri ya cushe musu kuma sai a haifi masu fiffike, su tashi su koma wata shuka.

Tana fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo wanda ke sa ganye ƙyalli. A kan danƙon nan ne baƙar fumfuna ke tsirowa, ganye ya zama kamar an shafa masa kunkunniya, hasken rana ya kasa ratsa shi. Zaƙin nan kuma shi ke jawo kiyashi da tururuwa. In kun ga kiyashi na hawa da sauka a jikin barkono babu hutawa, ku bi sawunsu, za su kai ku har inda darɓa take. Kiwonta suke yi kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu don nono, har suna korar ƙwarin da ke zuwa cin ta.

Kada a raina ta don ƙanƙantarta. Ita ce ke ɗaukar cutar nan da ke sa gyaɗa ta tsugune ta dunƙule ta ƙi yin ƴaƴa, cutar da ta yi mummunar ɓarna a gonakin gyaɗa na arewacin Najeriya a 1975. Tsotson da take yi shuka na iya jurewa, cutar da take sawa da bakinta ita ce babbar asara.

Farin ƙuda

Wannan in ka girgiza tumati ko kuɓewa ko yalo sai ka ga wani abu fari ya tashi kamar toka, ya sake sauka. Bai wuce milimita 1 da ɗan kai ba. Ƴaƴansa ba sa tashi, suna manne a bayan ganye kamar ƴan ɓawo masu haske, kuma cikin kamar mako uku ƙwai ya zama babba in akwai zafi. Shi ma yana barin danƙo da baƙar fumfuna.

Masu tumati su suka fi kuka da shi, domin shi ke yaɗa cutar da ke sa ganyen sama ya ƙanƙance, gefensa ya yi rawaya ya lanƙwashe sama kamar cokali, fure ya zube, shuka ta tsaya ba girma. Mu faɗi gaskiya a nan ko da ba daɗi: tumatin da ya riga ya kamu da wannan cuta babu maganin da zai warkar da shi, ko na jika nawa ne. Tuge shi za a yi a fitar da shi daga garka a binne, don kada farin ƙuda ya ɗiba daga jikinsa ya kai wa na kusa. Mun san da wuya mutum ya tuge abin da ya sha wahalar ban ruwa, amma barinsa cutar da sauran ne. Inda ya fi dacewa a yi ƙoƙari shi ne wurin renon dashe, domin shukar da ta kamu tana ƙarama ita ce ba ta ba da komai. A rufe wurin da yadi mai ƙananan ƙofofi sosai. Tsohon gidan sauro yana ragewa, sai dai ƙofofinsa sun yi wa farin ƙuda faɗi, wasu za su shige.

Farin ƙuda na son launin rawaya. A yanki tsohon bido mai rawaya, a shafe shi da man girki ko gris, a rataye daidai tsayin shuka, za a ga suna mannewa. Tarkon ba ya ƙarar da su, amfaninsa shi ne ya sanar da kai sun iso tun ba su yi yawa ba.

Jan gizo-gizo

A nan za mu ɗan daɗe, don shi ne aka fi yin kuskure a kansa. Da farko ma shi ba dangin ƙwari ba ne. Ƙwaro ƙafa 6 gare shi, shi kuwa babbansa ƙafa 8, dangin gizo-gizo da kaska ne. Girmansa kamar rabin milimita, sai an ƙura ido ake ganin ɗigon ja ko ruwan ƙasa yana motsi a farar takarda. In ka murje shi da yatsa zai bar jan zane.

Alamarsa ta farko ɗigo-ɗigo ne ƙanana farare ko rawaya a saman ganye, kamar an tsattsaga shi da bakin allura. Daga nan ganyen ya dushe, ya koma ruwan ƙasa, ya bushe. In abin ya yi nisa sai a ga yana ta lulluɓe kan shukar, jajayen ɗigo na yawo a cikinta. Tumati da yalo da gauta su ya fi addaba. Zafi da bushewar iska da ƙura su ne abincin ransa, saboda haka daga ƙarshen ɗari zuwa bazara, watannin Maris da Afrilu, lokacinsa ne, kuma a irin wannan zafi cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwai ya zama babba mai saka nasa ƙwan. Shukar da ke bakin hanya inda babura ke tayar da ƙura, da wadda ke shan ƙishirwa, su suke fara kamuwa.

To ga inda matsalar take. Yawancin magungunan da ake sayarwa a kan tebur, irin masu sinadarin lamda-sihalotirin, don ƙwari aka yi su. Ba sa yi wa jan gizo-gizo abin kirki, amma suna kashe ƙananan halittun da ke cin sa. Sai mai garka ya fesa, bayan kwana goma ya ga abin ya ninka, ya ce maganin jabu ne, ya ƙara wani. Alhali ba jabu ba ne, ba nasa ba ne kawai. Maganinsa daban yake, kamar mai sinadarin abamektin, ko garin farar wuta da aka tanada don shuka. Ita farar wutar ma sai an kiyaye, in aka sa ta cikin tsananin zafin rana ƙona ganye take yi. Kafin a kai ga wannan duka, ruwa ma magani ne: a riƙa wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi duk bayan kwana biyu ko uku, a tsinke ganyen ƙasa da suka fi kamuwa a sa a leda a fitar. In an gama girbi kada a bar tsofaffin karan tumati a tsaye, nan suke fakewa su jira sabon dashe. A jikin tufafi da hannu ma ana ɗaukarsa, shi ya sa muke fara aiki daga fangali mai lafiya, mu ƙare da mara lafiya.

Akwai kuma na albasa, wani siririn ƙwaro mai tsawon milimita 1 zuwa 2 da malaman gona ke kira tirips. Yana ɓoye can cikin wuyan albasa tsakanin ganyaye, yana kankare fatar ganye ya bar zane-zane masu ƙyallin azurfa. Sai an buɗa ganyen da yatsa ake ganinsa yana gudu. Shi shuɗin tarko ya fi jawo shi, kuma ban ruwa ta sama da butar garka yana rage shi.

Shukar tukwane

Iyayenmu mata, wannan naku ne. Farin abin nan kamar auduga da ke taruwa a gaɓar fure ko gwanda ko ɗan iccen lemun tsami, ba fumfuna ba ce, ƙwaro ne ya lulluɓe kansa da farin kaki. Kakin ne ke hana magani taɓa jikinsa. Tun da tukwane ba su da yawa, hannu ya fi: a sami tsumma ko tsohon buroshin haƙori a tsoma a ruwan sabulu a goge, reshen da ya cika a yanke. A ware tukunyar nesa da sauran har ta warke. Haka duk shukar da aka sayo ko aka roƙo daga maƙwabta, a ajiye ta gefe kamar mako biyu ana dubawa kafin a haɗa ta da na gida.

In kuma kun ga ƴan baƙaƙen ƙudaje kamar ƙananan sauro suna tashi daga ƙasar tukunya, ruwa ne ya yi yawa. Tsutsarsu a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ruɓaɓɓen taki take rayuwa. A huda gindin bokitin, a bar saman ƙasar ya bushe kafin a sake ban ruwa, a zuba yashi a kai kamar kaurin yatsa. Ba sai an sayi komai ba.

Sannan ba kowane rawayan ganye ne aikin ƙwaro ba. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, ka juya ba ka ga kowa ba, wataƙila taki shukar ke nema, ko ruwa ya kwanta mata a saiwa.

Dogon yaro da sabulu

Allah ya hore mana icen bedi, wato dogon yaro, a kowace unguwa, ƴaƴansa na zuba ana takawa. A tsince nunannu masu rawaya, a cire naman, a wanke, a shanya a inuwa har su bushe sarai. A adana su a buhun da iska ke shiga, in aka ƙulle a leda fumfuna suke yi. Ranar aiki a daka rabin kilo, gram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa, a bar shi ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi har sau biyu don kada ya toshe bakin famfon feshi, a narka ɗan guntun sabulun wanki a ciki domin ruwan ya kama ganye. A nemi turmi na daban fa, in aka daka a turmin fura, wallahi kwana da kwanaki mutanen gida za su yi suna tambayar me ya sami furar.

Da yamma ake fesawa, bayan la'asar rana ta yi sanyi, saboda hasken rana na kashe ƙarfinsa, kuma a lokacin ƙudan zuma ya rage yawo. A fesa daga ƙasa zuwa sama yadda bayan ganye zai jiƙe. Wanda aka haɗa yau a ƙarar da shi yau. Mutane da yawa suna cewa bedi ba ya aiki don sun fesa ba su ga ƙwari sun zube nan take ba. Ai ba haka yake aiki ba. Hana su ci yake yi, ya hana ƙanana girma, sai bayan kwana biyu ko uku ake fara ganin canji, kuma dole a maimaita duk mako har sau uku ko fiye, tun da ƙwai na ci gaba da ƙyanƙyashewa. A kan darɓa da ƴaƴan farin ƙuda yana taimakawa ƙwarai in an fara da wuri. In an bari sun lulluɓe shuka, ƙarfinsa ba ya kaiwa.

Ruwan sabulu kaɗai ma yana kashe darɓa in ya taɓa jikinta: kamar cokali ɗaya na gogaggen sabulu a lita guda. A fara gwadawa a ganye biyu ko uku a jira kwana ɗaya, in bai ƙone ba a ci gaba. Garin wanki na leda ya yi ƙarfi, yana ƙona ganye. Ruwan taba da wasu ke jiƙawa kuma ba ma ba da shawararsa, guba ne ga mai fesawa, kuma taba na iya ɗauko wa tumati da tattasai wata cutar.

Akwai masu taya mu aiki kyauta da ya kamata a sani. Ƙwaron nan mai zagayen baya kamar rabin ƙwayar wake, ja ko ruwan lemo mai ɗigon baƙi, wanda ƴan lakkwal ke kira kwaksinel, guda ɗaya na iya cin darɓa wajen 50 a yini. Ɗansa bai yi kama da shi ba ko kaɗan, dogo ne baƙi-baƙi kamar ɗan ƙaramin kada, shi ya sa yara ke murje shi suna zaton mugu ne, alhali shi ma darɓa yake ci. In kun gan shi a cikin taron darɓa ku ƙyale shi da aikinsa.

Batun kiyashi kuwa mun kai shi gaban malaminmu na fiƙihu, domin mun karanta cewa tururuwa da ƙudan zuma suna cikin halittun da hadisi ya hana kashewa. Ya ce malamai sun yi sauƙi a kan wadda ke cutarwa in babu wata hanyar kare kai, amma in akwai hanya ita ta fi. A tukwane hanyar na nan: a ɗora tukunyar a kan bulo cikin faranti mai ruwa, a riƙa canza ruwan duk kwana biyu ko uku don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Icce kuma a naɗa masa leda a gindi a shafa gris a kan ledar. Da kiyashi sun daina hawa, masu cin darɓa za su samu shiga.

In dole sai maganin kanti

Wani lokaci mai babbar garka ba shi da makawa. To ya fara sanin ƙwaron, sannan ya tambayi malamin gona sunan sinadarin da ya dace. Muna da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN a Tarna, ga kuma RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, da ke amsa tambayoyin manoma ta waya da Hausa. A ƙasashen Sahel akwai kwamitin da ke tantance magungunan ƙwari ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, maganin da ya amince da shi yana ɗauke da lambarsa a jikin kwalba. Wanda aka ɗura a kwalbar lemo babu takarda babu suna, a bar wa mai shi abinsa. A ƙasan takardar akwai zanen launi da ke nuna haɗari, ja shi ne mafi muni. Akwai kuma adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Wanda ya fesa yau ya kai salati kasuwa gobe, ya sani ɗanye ake cin sa, kuma ƴaƴan mutane ne za su ci. Wannan haƙƙi ne a wuyansa.

Piya-piya da ake sayarwa a ƙananan kwalabe guba ce mai ƙarfi, tana shiga jiki ta fata da numfashi. Kada a kusantar da ita ga na'ana'a ko zogala ko duk abin da za a tsinka a sa a tukunya. Mu yara ba aikinmu ba ne fesa maganin kanti, ko an aike mu mu ba da haƙuri. Babban da zai fesa ya rufe hanci da baki, ya sa doguwar riga da takalmi, ya juya wa iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mata mai ko ruwan sha. In wani ya fara jiri ko amai ko zubar da yawu bayan feshi, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa, a garzaya da shi gidan likita tare da kwalbar. Kada a tsaya ba shi nono ko manja, kada kuma a sa shi amai da gangan.

Duk wanda ke da shuka mara lafiya a unguwa, ya tsinko ganye biyu ko uku, da wanda ya lalace da wanda ya fara, ya ƙulle a farar leda ya kawo makaranta ranar Alhamis da hantsi, lokacin da muke aikin garka. Malam na da gilashin ƙara girma, za mu duba tare. Muna kuma tara ƴaƴan bedi a buhu a ɗakin ajiya, mai bukata ya zo da kwanonsa.



Ɗaliban aji biyar